Gangar da Aka Gwada Cikin Rumbu

Kakata Dije ta daina ji tun kafin in fara kaɗa gitar bas, kuma babu abin da ya fi wannan ci mini rai a sana'ata. Na yi wasa a bukukuwan garin Tawa har waɗanda ban sani ba suna kiran sunana a hanya, amma matar da ta fara sa ni son murya mai kauri ba ta taɓa jin abin da yatsuna ke yi ba. In na je ƙauyenmu Affala gaishe ta, bakina take kallo. Sai ta ce, "Kai, mijin banza, har yanzu tauna magana kakai, ba ka hwaɗinta?" A yi dariya, ni ma in yi, amma tawa ba ta kai ciki.

Da aka sa ranar bikin ƙanwata Saratu, aka ce ni da abokan kiɗana za mu yi wasa a ƙofar gida, sai hankalina ya tashi. Kaka ta tsufa ƙwarai. A daminar da ta wuce sai da aka kira mu duka, don an ɗauka tafiyar ce ta zo. Ban san ko za a ƙara wani biki tana zaune ba. Wani likita ya taɓa gaya mini cewa kunnen tsoho siraran sautuka yake fara saki, masu kauri su ne na ƙarshen tafiya, kuma a kan wannan 'yar magana na rataye zuciyata. Ga shi bafal ɗina, wato akwatin lasifikar da bas ke fita ta ciki, ya yage, sai ziza yake kamar zuma a gwangwani. Dole in sayi wani, kuma ƙarfina na saye ɗaya ne. In na zaɓi wanda bai dace ba, shi ke nan.

Muna yara, lokacin ɗari, da an ci tuwo an yi lisha sai mu taru a ƙofar ɗakinta. Wutar kara take hurawa, mai saurin tashi da saurin mutuwa, don haka kowa da ɗan damin da yake turawa ciki. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita cewa take, "Baƙuwa ta taho daga nesa, wa ka ba ta wuri?" Mu amsa da ƙarfi, "Mu na!" A gefenta akwai wani tulu mai fasasshen baki da ba a zuba masa ruwa. Muryar zomo da ta 'yan mata da bakinta take yi, amma in kura za ta yi magana sai ta jawo tulun ta kafa baki. Muryar da ke fitowa ba a kunne nake jin ta ba, a haƙarƙari nake ji. Sauran yara su ruga bayan juna, ni kuwa in ƙara matsowa, ina tsoro ina so.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba na so ta yi, kuma ita nake roƙo kullum. Wani mutum ne a wani gari bisa dutse, yana da 'ya ɗaya mai kiwon awaki. A garin nan in hadari ya taso, duhu da iska kan ɓatar da masu kiwo, su kasa gane hanyar gida. Mutumin ya ce shi kam zai sayi ganga, in hadari ya taso ya buga, 'yarsa ta biyo sauti. Ya tafi kasuwa ya tarar da kura ta naɗa rawani tana sayar da ganguna. Ta ce masa rana ta yi zafi, su shiga inuwa. Suka hau tsani suka zura cikin wani rumbu da babu ko zangarniya a ciki. Nan kura ta ɗauko wata 'yar ganga ta buga.

A daidai nan Kaka ke kafa baki a tulu. "Dummm! Dummm! Yaj ji awa tsawa ta hwaɗo mishi bisa kai. Yac ce, wanga ko daga bakin duniya ɗiyata tana jin shi." Ya ba da akuyarsa mafi kyau ya ɗauki ganga.

Ranar da hadari ya taso, 'yar tana daji. Ya hau kan dutse ya buga. Sai Kaka ta ture tulun, ta ƙwanƙwasa bayan ƙwarya da farce, ƙwas, ƙwas. Iyakar abin da gangar ta yi ke nan a fili, iska ta kwashe shi tun bai wuce shinge ba. Ya buga, ya buga, har fatar ta fashe.

A nan take tsayawa. Mu ce, "Kaka, ɗiyar fa? Ta komo?"

"Ni ina can? Wuta ta mutu, ku tashi."

Haka take yi kowane lokaci. Na taɓa riƙe mata zane na ce sai ta faɗa, ta ce tatsuniyar ba ta gaya mata ba. Sai in kwanta ina tunanin yarinyar nan tsaye cikin ruwa tana kasa kunne, ubanta kuma yana can yana bugawa da iyakar ƙarfinsa.

Da wannan tsohon tsoron a cikina na shiga butik ɗin Alhaji Ilu, mai sayar da kayan kiɗa a kasuwar Tawa. Tare muke da Algabit, mai gitar solo ɗinmu, mutumin arewa ne mai son duk abin da ke walƙiya. Bafal biyu ne suka dace da ampili ɗina, na'urar da ke ƙara wa gita ƙarfin sauti. Ɗaya sabo fil, mai ƙananan lasifika huɗu, mara nauyi, ko kabu-kabu zai ɗauke shi. Ɗayan tsoho ne, mai lasifika ɗaya tak mai faɗin faifai, kusurwoyinsa duk sun goge, kuma mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Alhaji ya ce in na ɗauki sabon zai haɗa mini da fedal biyu, 'yan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa su canza muryar gita. Ɗaya yana sa ta yi gurnani, ɗayan yana ƙara mata wata murya a ƙarƙashin tata.

Aka jona sabon, na taɓa igiya. Kwanon rufin ya ɗauki rawa, kwalaye suka motsa a kan kanta. Na taka fedal, abin ya zama kamar hadarin gabas.

"Isuhu, mi kaka jira?" in ji Algabit. "Wanga ko matacce yana ji, balle tsohuwa."

Har na buɗe baki zan ce na ɗauka. Sai na ɗaga kai na dubi inda muke. Ɗaki ne matsattse, bango ta ko'ina, ƙofa ɗaya ƙarama. Nan na gane a cikin rumbu muke tsaye. Alhaji Ilu ba kura ba ne, mutumin kirki ne, shi ma abin da kunnensa ya ji yake sayarwa. Amma ƙofar gidanmu a Affala fili ce fetal, babu bango sai na zana.

Na ce, "Alhaji, don Allah a hitar muna da su waje. Can bayan kasuwar bisashe."

Ya dube ni kamar na ce a fitar da ɗakin kansa. "Yaro, tun da nike sana'ar ga ba a taɓa kai mini kaya kiwo ba." Amma ya san mahaifina, kuma da na gaya masa dalili sai ya sa aka nemo amalanke da ɗan gurup, wato janareta.

A filin na ce wa Algabit ya tafi can gindin wata aduwa, ya naɗe kunnuwansa da rawani, ya ƙara toshewa da yatsu, ya zama Kaka. Muka fara da sabon. A kusa yana da daɗi, kowace igiya tana fita tsaf. Algabit bai motsa ba. Na taka fedal mai ƙara kauri, sai ƙananan lasifikan suka fara tari, suna neman yin abin da ya fi ƙarfinsu. Bai motsa ba. Muka jona tsohon yana bisa amalanke, Algabit ya ɗan karkata kai kawai. Na ce a raina, to ashe babu wanda zai yi. Mai amalanken yana sauri, muka sauke masa tsohon a ƙasa don ya tafi, ni kuma na sake taɓa babbar igiya don haushi. Sai ga Algabit ya ɗaga hannu.

Ya dawo yana cewa, "Ban ce na ji ba, kar ka riƙe ni. Ga ƙahwa naj ji shi, da nan," ya dafa ƙirji.

Tsohon na ɗauka, na bar fedal da walƙiyarsu. A motar Affala ina zaune a kansa ina ta tunani. Da ina yaro kura nake zargi. Da na girma sai na koma ganin wautar uban. Sai a ranar na ga cewa shi ba wawa ba ne, so ne ya kai shi kasuwa. Kuskurensa ɗaya, ya saurari gangar da kunnensa, a inda yake tsaye, ya manta ba don kansa yake saye ba. Gane wannan bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan, don Algabit saurayi ne mai lafiyayyen kunne a ƙarƙashin rawani, Kaka kuwa nata ya daɗe da rufewa.

Ranar bikin, bayan la'asar, aka shimfiɗa mata tabarma a jikin zana, mahaifiyata tana gefenta. Na ajiye bafal a ƙasa, bakinsa yana kallonta. Muka yi waƙa ta farko, 'yan mata suka cika fili da rawa. Ni idona yana kanta. Goro take gutsura, tana kallon ƙafafun masu rawa yadda ake kallon kaji. Muka yi ta biyu, haka. Na ji ina so in ajiye gitar in shige gida.

Sai na yi wa Algabit da mai ganga alama su dakata. Mutane suka juyo suna mamaki. Na kama babbar igiya ita kaɗai, ina bugawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ina barin kowace ta gama tafiya kafin in saki wata.

Kaka ta daina tauna. Ta ɗaga kai, ta haɗe gira, ta juya wajen mahaifiyata, ta yi magana da ƙarfin nan na waɗanda ba sa jin kansu.

"Wace ragguwa ta ka daka har yanzu? Baƙi cike da gida, sai yanzu anka tuna da hura?"

Filin ya fashe da dariya. Mahaifiyata ba ta yi ba. Ta kama haɓar Kaka ta juyo da fuskarta wajena, ta nuna mata hannuna. Kaka ta zuba wa yatsana ido. Na buga, ta ɗan zabura. Ta ɗaga tafi, na tsaya. Ta kasa kunne, ta jira, sannan ta sauke hannun, na sake bugawa.

"Isuhu? Kai na?"

Na gyaɗa kai. Kuka nake a gaban abokan ango da 'yan matan garin duka, ban kuwa ji kunya ba.

Ta ce, "Ashe mijin nau ya iya daka. To, mi kaka kallo? Kar ka aje taɓarya."

Ban ajiye ba har aka kira magariba.