Malam Dallatu Badaru da Gadar da Ba a Gina Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Satumba, 2025, bayan sallar la'asar, labari ya iso mana Unguwar Shago cewa Allah Ya yi wa Malam Dallatu Badaru rasuwa a Kano, bayan jinyar hawan jini. Ma'aikacin tsara ayyukan hanyoyi ne, wanda ake turawa ya auna abin da aiki zai ci da amfanin da jama'a za su samu, kafin a zuba kuɗi.

Malam, da damina ka fara zuwa mana, shekara shida ke nan. Ina koyarwa a firamarenmu, ka roƙe ni aron benci. Mako uku kana zaune a gindin tsamiyar mashigin rafi, kana rubuta kowane babur, kowace amalanke, kowane jaki da ya tsallaka ko ya juya. Ka tambayi Inna Susanna kwando nawa na tumatirinta ke ruɓewa idan ruwa ya hana zuwa kasuwar Minjibir. Ni ka tambaye ni kwana nawa yaran ƙetare ke rasa karatu. Ba a taɓa yi mana irin tambayoyin nan ba.

Rahotonka ya nuna gada da hanyar burji za su amfani ƙauyuka tara, kowace naira ta dawo da huɗu. Ɗaya aikin da ake takara da shi, kwalta ce zuwa gonar wani babba, ko rabin kuɗinta ba za ta mayar ba. Aka kira ka, aka ce ka gyara alƙaluma. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ƙirga motocin da ban gani ba." Cikin wata guda aka mayar da kai ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, kuma a can ka ƙare aiki.

An shimfiɗa kwaltar. Barkono ake shanyawa a kanta.

Bara, cikin Agusta, rafin ya tafi da Mika, wani ɗan ƙauyenmu, da shanun amalankensa biyu, yana ɗauke da buhunan gero. Ka zo gaisuwa a motar haya, ka zauna da mu a harabar coci har aka binne shi. Da na raka ka tasha, abu ɗaya ka ce: "Na rubuta musu haka za ta faru. Shafi na sha huɗu." Idonka ya cika da hawaye, kamar laifinka ne.

Ranar addu'ar uku na ga waɗanda suka ture ka sun cika layinku da manyan motoci, suna cewa an yi rashin mai gaskiya. Ban iya miƙa musu hannu ba, Allah Ya yafe mini. Sun san gaskiyarka tun kana da rai, a kanta suka hukunta ka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyar mutanen ƙauyukanmu tara, Musulmi da Kirista, ga maiɗakinka Hajiya Nana Hafsat da 'ya'yanku, Zubair da Maryamu. Da yawa sun so zuwa da kansu, Hajiya, amma rafi ya cika. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.