Facin Bokiti na Huɗu

Bokitai shida ne, farare, a jere a gindin tagar falonmu a Port Richmond, kuma ni tun ranar da aka shigo da su ban so su ba. 'Yarmu ce ta sayo wa babanta, wata takwas bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ta zo hutu da kwalaye, tana zuba bayani da Turanci ina mayar mata da Hausa. Wai shuka za a yi a cikin ruwa, babu ƙasa. Na ce ikon Allah, mun baro Kura da ƙasarta mun zo Amurka noma a bokiti.

Malam, maigidana, malamin gona ne a gida. Shi yake zagaya manoman rani a kan babur yana nuna musu yadda za su raba ruwa. Nan kuwa shekara goma sha shida ya yi yana tuƙa tasi, har ranar da ciwon ya kayar da shi. Daga nan ya zama mutumin gado. Matar da asibiti ke turowa don ta motsa masa jiki ta yi lallashi har ta gaji. Ni ma na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Sai ya dube ni da bakinsa da ya ɗan karkace ya ce, "In tashi in je ina?"

Bokitan nan su suka ba shi wurin zuwa. Daga gadonsa zuwa taga taku goma sha ɗaya ne, na sani domin shi yake ƙirgawa da ƙarfi. Da farko sai na riƙe shi, daga baya ya koma sandar nan mai ƙafa huɗu. Kowane bokiti da murfinsa, a tsakiyar murfin an huda an saka ɗan kwando cike da tsakuwa, shukar tana zaune a ciki, saiwarta na reto a ruwan taki. Ta ƙasa kuma baƙin tiyo ɗaya ne ya ratsa su duka ya haɗa su da wata babbar roba a ƙurya, da ɗan inji mai gunaguni dare da rana. Ya shuka yakuwa, da lalo, da attaruhu, da gauta. Irin ma sai da ya sa na je har Fordham Road, can wani gefen gari, na nemo masa.

Ya sha gaya mini, "Ke, ki kula in kina share-share. Ruwansu ɗaya ne. Kika fasa ɗaya, kin fasa duka."

Na ce na ji. Ji kam na ji.

Gaskiya abin ya yi kyau. Mutumin da ba ya son a buɗe labule ya koma tashi tun asuba yana auna ruwa, yana leƙa bayan ganye, yana min tsiya wai ni 'yar birni ce ban san yakuwa ba sai a tukunya. Hajiya mai gidan da muke haya, wadda ke zaune a ƙasanmu da mijinta, 'yar Kumasi ce. Duk Juma'a sai ta hawo da ledarta ta tsinki lalo, ita ayoyo take ce masa, tana sa wa Malam albarka har sai ta gaji don kanta.

A bazara ta biyu bokiti na huɗu, na gauta, ya fara yoyo. Ɗigo ne kawai, daidai inda tiyon ya shiga. Malam ya sa na haska masa fitilar waya, ya sunkuya iya yadda zai iya, ya ce zoben robar da ke riƙe tiyon ya ci, kuma bokitin ya ɗan tsage a gefen ramin. Maganinsa sabon bokiti da sabon zobe, a zuƙe ruwan duka a sauya. Ranar Talata ce. Ya ce in bari sai Asabar da ba ni da aiki, kafin nan a tara faranti a ƙasa.

Ni kuwa aikina kula da wata tsohuwa ce a Manhattan. Bas zuwa tashar jirgi ta St. George, jirgin ruwa, jirgin ƙasa, in wanke tsohuwar mutane in ciyar da ita, in dawo in wanke nawa tsohon in ciyar da shi. Yanzu kuma an ƙara mini kwashe faranti da matse tawul safe da yamma. Ran Laraba na taka jiƙaƙƙen tawul da safa a ƙafata, raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, wai bokiti ne fa. Bokiti! A unguwarmu mai facin roba minti biyar yake yi."

Wa bai san shi ba? Yana yawo da gwangwanin garwashi da 'yan ƙarafansa, ya yanko guntun tsohuwar roba, ya ɗora a kan tsaga, ya goga jan ƙarfe, shi ke nan. Bahon wankan gidanmu faci uku ne a jikinsa, kuma har aka yi mini aure yana aiki.

Malam ya ce, "Wannan ba irin waccan robar ba ce. Ba za ta kama ba. Ki yi haƙuri zuwa Asabar."

Sarai na fahimce shi, kada wani ya ce ban gane ba. Haƙurin ne ba ni da shi. Ran Alhamis da sassafe, ya koma barci bayan salla, na hau kujera na zare batirin abin nan da ke ihu in ya ji hayaƙi. Wanda ya zare batiri ai ya san abin da yake yi. Na yanko gindin wata tsohuwar buta, na ɗora wuƙa a kan gas har ta yi ja, na tsane wurin da tsumma, na manna, na goga. Wari ya tashi, na buɗe taga. Na tsaya ina kallo, minti ɗaya, biyu, biyar. Ko ɗigo. Wallahi har murmushi na yi. Na ɗauke farantin na wanke, na ajiye wa Malam kununsa da wayarsa a gefen gado, na fita ina jin kaina gwana.

Wajen ƙarfe biyar, ina cikin jirgin ruwa na dawowa, Hajiya ta kira. Ta dawo daga shagonta ta tarar silin ɗin falonta na zuba a kan kujeru. Ta hau da makullinta ta buɗe ƙofarmu. Ta ce, "'Yar'uwa, mijinki na ƙasa cikin ruwa. Na ce in ɗaga shi, ya ƙi. Ya ƙi cire hannu."

Jirgin nan ba ya sauri don kowa. Na tsaya a bakin ƙarfe ina kallon St. George na matsowa kamar mai ciwon ƙafa, mutane na ɗaukar hoto suna dariya. Ban taɓa tsanar ruwa irin ranar ba.

Na same shi zaune a ƙasa, bayansa jingine da bango, ƙafar da ta shanye a lanƙwashe ƙarƙashinsa, sandar ta faɗi can nesa. Babban yatsansa na hagu yana cikin bokiti na huɗu. Zafin wuƙata ya cinye jikin bokitin ya bar shi kamar takarda, da facin ya ɓalle sai ya tafi da wurin gaba ɗaya. Daga baya na ji cewa tun wajen goma na safe ya ji ƙarar zubar. Ya yi takunsa goma sha ɗaya a cikin ruwa, ya saki sanda ya zube, ya toshe ramin. Hannu ɗaya gare shi. In ya cire don ya ja jiki zuwa waya, ruwan bokiti shida da na babbar roba zai ƙarasa tsiyayewa, saiwa ta bushe a zafin Yuli. Sai ya zauna. Azahar ta wuce shi a nan, la'asar ta wuce shi a nan, ruwa na silalowa ta gefen yatsa. Kuma ba duk jiƙar da ke wandonsa ce ta bokiti ba. Hajiya ta gani, shi ma ya san ta gani.

Ina jira ya zage ni. Ya ɗago ya ce, "Kashe injin. Kawo baho, kada saiwa ta sha iska."

Na tara baho, sannan ya zare yatsan. Ya yi fari fat ya yamutse, ya ƙi lanƙwasuwa. Ni da mijin Hajiya muka ɗaga shi. Ya runtse ido har muka kai shi banɗaki.

Washegari Alhaji, mijin Hajiya, ya hawo, ya yi doguwar gaisuwa, ya yi jaje, sannan ya ce ruwa ya taɓa wayar wuta a silin, bokitai sai dai su fita. Ba zan ce ƙarya ya yi ba, gidansa ne. Amma Hajiya tana tsaye a bayansa tana gyaɗa kai, matar da ta shekara tana miya da lalon nan, ko "a bar masa guda ɗaya" ba ta ce ba. 'Yarmu ta kira tana kuka, tana tambayata da Turanci me ya sa ban jira ba. Na ce, ke da kika kawo su kika tafi, sau nawa kika matse tawul? Na kashe wayar. Na san ba ita ce ta riƙe wuƙa ba, neman wanda zan raba laifin da shi nake yi.

Ran Asabar ɗin da ya ce in jira, ita ce ranar da na sauke bokitan bakin titi, ɗaya cikin ɗaya. Gautan ya fara 'ya'ya, ƙanana kamar ƙwan tattabara. Na tsinke yakuwar na yi miya, ya ce ba ya jin yunwa.

Bai sake ƙirga taku ba. Matar asibiti ta ce faɗuwar ba ta karya komai ba, zai iya tashi in ya so. Mutanen masallaci suka zo suka ce ƙaddara ce. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce garin gyaran gira na rasa ido, kamar ban sani ba. Shi kuwa ko sau ɗaya bai ambaci facin nan ba. In na kawo abinci ya ce sannu, in na juya shi ya ce Allah ya yi albarka. Da ya zage ni da na samu sauƙi, wallahi da na samu.

Bayan wata biyu na roƙi Hajiya, har da durƙusawa, ta yarda da bokiti ɗaya tak, ba tiyo, a cikin baho. Na je na sayo sabo fil, da murfinsa da kwandonsa, har da zoben robar da ya ce in saya tun farko, ko da yake yanzu ba shi da amfani. Na ajiye a gaban gadonsa na ce, "Malam, ga shi. Me za mu shuka?"

Ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙa hannun hagu ya shafa bakin bokitin, ya ƙwanƙwasa gefensa da yatsa.

Ya ce, "Mai kyau ne. Ki riƙa goge ɗaki da shi." Ya juya fuskarsa bango.

Shekara biyu ya ƙara a gadon nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma bai sake kaiwa taga da ƙafarsa ba. Bokitin yana nan a bayan ƙofar banɗakina, da shi nake goge ɗaki kamar yadda ya ce. Ko sau ɗaya bai taɓa yoyo ba.