Ranar da Maƙwabta Suka Rufe Famfo

Ko da zan manta da kalar rigar da na sa ranar aurena, ba zan manta da jajibirin bikin ba, ranar da lissafin yayana ya kusa sa dangin miji su koma Kafanchan da yunwa.

A unguwar Muchia da ke Sabon Gari muke zaune a lokacin, kuma ruwan famfo sai ya ga dama yake zuwa. Yayana yana karatun injiniyan ruwa a jami'a a Samaru. Tun da ya shiga aji uku muka rasa sakat a gida: ko buta ka ɗauka sai ya gaya maka gudun ruwan da ke fita ta bakinta.

Da biki ya matso, Mama ta ce za ta yi magana da 'yan ga-ruwa su cika mana durorin girki. Yaya ya yi dariya irin ta masu ilimi.

"Haba Mama, kina da injiniya a gida? Bar mini wannan."

Ranar Lahadi da safe aka kawo ruwa. Mu muka tafi coci, shi ya zauna da bokiti da agogon hannu. Muka dawo muka tarar da shi yana ta murmushi. Ya ce bokiti mai lita ashirin ya cika a minti ɗaya, don haka duro mai lita ɗari biyu minti goma ne. Kafin shinkafa ta jiƙa, in ji shi, duk durorin sun cika. Mama ta dube shi ta dube ni, ta haƙura da 'yan ga-ruwa.

Ranar Juma'a da safe, jajibirin biki, aka ji ihun da aka saba: "An kawo ruwa!" Yaya ya buɗe famfo da alfahari, sai ga ruwa siriri kamar zare. Mata masu girki sun riga sun hura wuta, ga nama a daro ba a wanke ba, ga baƙi suna hanya. Aka aika neman 'yan ga-ruwa, aka tarar wasu gidajen biki sun kwashe su. Gaskiya tsoro ya kama ni. Na shige ɗaki na fara kuka, ina hango surukata zaune a gidanmu ba ko ruwan wanke hannu.

Mama ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Injiniya, minti goman naka na Samaru ne ko na Sabon Gari?"

Yaya ya tsaya yana kallon famfo, ya ɗora bokiti ya sake duba agogo. Can sai ya dafe kai.

"Lahadi! Mama, ranar da na auna duk layin nan suna coci. Ni kaɗai na buɗe famfo. Yau kowa wanki yake, kuma bututu ɗaya ne ke ba mu duka. Gidanmu ne na ƙarshe."

Abin da ya yi daga nan shi ya sa har yau nake sassauta masa tsokana. Ya cire agogon ya sa a aljihu, ya fita yana bin gida gida yana roƙon a rufe famfo na ɗan lokaci. Gidan farko na wata Bayarabiya ce mai sayar da atamfa, hannunta duk kumfa. Ta saurare shi ta ce, "Shi ke nan? Don amaryarmu? Me ya sa ba ka faɗa tun safe ba?" Ta rufe nata, ta ɗaura zane, ta shiga gaba tana buga ƙofofi da kanta.

Ina ɗaki na ji ƙarar ruwa ta canja a cikin duro. Na leƙo na ga famfo yana ambaliya, mata suna guɗa. A layinmu kuwa ga wanki nan jiƙe a daro a ƙofar kowane gida, masu shi suna zaune suna jira. Ranar ruwa ce guda, ba wanda ya san yaushe za a sake kawowa, amma suka bar mana ita.

Yanzu Yaya babban injiniya ne, amma a gida har 'ya'yana "Kawu Minti Goma" suke ce masa. Ni kuwa na koyi cewa ruwan da ke zuba a gidanka ba faɗin bututunka kaɗai ke kawo shi ba. Akwai hannun maƙwabci a ciki, wanda ya rufe nasa don naka ya zubo.