Fentin da ya hana jirgin feshi tashi

Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a fadamar Kalgo, ina aiki da wani ɗan kamfani mai jirgin feshi guda ɗaya tak, kuma mu aka ɗauko haya mu zo mu yi maganinsu. Aikina batir ne. Ni ke cajinsa, ni ke gwada shi, ni ke sa hannu in ce lafiyarsa ƙalau kafin a ɗaura shi a jirgi. In ban sa hannu ba jirgi ba ya tashi, ko da wa ke jira. A da har da ɗaga kafaɗa nake faɗa wa mutane haka.

Ni haifaffen Gwandu ne, amma a Wurogauri na tashi, a hannun Kawu, yayan mahaifiyata. Gonar shinkafa ɗaya gare shi a fadama, kuma ita gidan duka ke ci daga kaka zuwa kaka. Lokacin da muka iso shinkafar ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa, daidai yadda jan-baki suka fi sonta. Wanda bai taɓa ganin tsuntsayen nan ba ba zai gane ba. Daga nesa sai ka ce hayaƙi ne ya taso, in suka sauka a gona kuwa, kafin ka gama ihu sun gama abin da ya kawo su. Kawu bai bar kowa bai faɗa masa ba, daga masallaci har kasuwar Kalgo, cewa jirgin ɗansa ya iso. Na ce, "Kawu, ba nawa ba ne, ni ma'aikaci ne." Ya ce in yi masa shiru.

Batura biyu muka zo da su, iri ɗaya, girma ɗaya. Ɗaya lafiyayye ne. Ɗayan ya faɗi gwaji tun kafin mu taso, mun riƙe shi ne kawai don kunna fitilun ƙasa. Kowanne yana da lambarsa a wata 'yar takarda da aka manna a jikinsa, kuma na rataya wa kowanne kati: kore ga mai kyau, ja ga matacce. Na ajiye su a kwantenar da muka mayar ɗakin aiki a gefen filin jirgi, na tafi Birnin Kebbi neman wata waya da ta ƙone mana.

Ashe bayan fitata an yi wa manajanmu waya cewa wani babban mutum zai zo ganin jirgi kafin a fara aiki. Kun san halinmu. Babban mutum zai zo, sai fenti. Duwatsun bakin hanya fenti, gindin bishiya fenti, da akuya za ta tsaya cak ita ma da ta sha nata. Manaja ya miƙa wa Baba mai sito, dattijon da ke kula mana da kayan aiki, gwangwanin fenti da buroshi, ya ce kada ya bar komai da datti. Dattijon nan mutum ne mai tsafta da tsoron Allah. Ya kwance katunan nan biyu don kada fenti ya ɓata su, ya ajiye su wuri ɗaya a kan tebur, ya shafe baturan da shuɗin fenti tun daga sama har ƙasa, har da lambobin. Ya fitar da su rana suka bushe, ya mayar da su ciki.

Da na dawo na tarar da su suna ƙyalli gefe da gefe, ɗaya ta bakin ƙofa, ɗaya ta jikin bango, babu kati babu lamba. Na ce, "Baba, wanne ne wanne?" Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ce yana jin na bakin ƙofa ne mai koren kati. Na ce zai iya rantsewa? Ya ce a'a, ba zai rantse a kan abin da bai tabbatar ba. Na yi masa faɗa, na yi wa manaja wanda ya fi shi, har direbobi suka taru. Garin neman gira an rasa ido! Babban mutumin kuma, don ku ji, bai ma zo ba.

Na gwada goge fentin da ɗan fetur a tsumma. Fentin ya tashi, tawadar lambar ta bi shi. Na sa mita, duka biyun suka nuna wuta daidai wa daida, don mataccen batir ma yana cika, riƙewa ce ba ya yi. Yana iya tayar da inji ya kai mutum sama lafiya, sai lokacin da ake tsananin bukatarsa ya saki. Abin da zai raba gardama na'urar gwaji ce da ke zuƙe batir a hankali ta ga iya ƙarfinsa, ita kuma tana can Kaduna, a babban wurin aikinmu. Na samu alli na rubuta a kan ɗaya "na ƙofa", a kan ɗayan "na bango", na ce a kai su a gwada.

Manaja ya ce ina! Wa zai tura mota Kaduna alhali dattijo ya riga ya faɗi wanda ne? In sa na ƙofa, in sa hannu, a wuce wurin. Na juya wajen matuƙin jirgin, ina fatan ya ce shi ba zai tashi ba, ko na samu abokin tsayuwa. Mutum ne mai sanyin magana, kullum yana nuna mana hotunan 'ya'yansa mata a waya. Sai ya ce, "Ni dai kai na yarda da shi. In ka sa hannu na tashi, in ba ka sa ba na zauna." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Feshin jan-baki da magariba ake yinsa, ƙasa-ƙasa, a kan ciyayin ruwa inda suke kwana. In wuta ta ɗauke masa a can, babu filin sauka sai laka.

Haka muka zauna. Manaja ya ƙi tura mota, yana jira in gaji, ni kuma na ƙi sa hannu. Kwantenar nan da rana ta zama tanda, amma ita kaɗai ce inda babu mai tambayata. In na fito, mai gadi ya ce yaushe. In na shiga Kalgo sayen abinci, mai shayi ya ce yaushe, 'yan acaba su bi ni da ido. Wayata ba ta hutawa. Har na kai ga tsoron ganin lambar gida.

Kawu bai kira ni ba, aike ya yi in zo. Na same shi a gona da yamma, shi da matan gidan da duk wanda ke iya ɗaga murya. Sun ja igiyoyi sun rataya gwangwanaye, suna ja suna ihu tun asuba. Muryarsa ta dishe, da ƙyar nake jinsa. In suka kori tsuntsayen daga gabas sai su sauka yamma. Na tsaya na yi masa bayani tun daga fenti har na'urar Kaduna, yana saurare yana jan igiya.

"Mi dattijon ya ce?" in ji shi.

"Ya ce yana jin na ƙofa ne."

"To sa na ƙofa mana."

"Kawu, yana ji ne, bai tabbatar ba."

"Ni da nake zuba iri kowace shekara, na tabbatar ruwa za ya zo? Wanga abu duk na Allah ne."

"In na sa kuma ba shi ba ne, ran mutum ne."

Ya nuna mini gonar da haɓa. "Waɗanga da ke ihu, ba rayuka ba ne? Mi za su ci?"

Ni mai bakin da ba a kayar da shi a gardama, ranar Kawu ya kayar da ni. Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da komai: da fenti, da manaja, da karatun da na yi wanda ya sa ni kaɗai na san abin da ake tsoro. Na karɓi igiya na ja har magariba, na yi ihu har maƙogwarona ya yi zafi, don in samu abin yi da hannuna.

Washegari na gudu Gwandu wajen Inna, mahaifiyata, ina cewa ko can zan sha iska. Ta kawo mini fura, ta zauna tana kallona ina sha. Ba ta yi faɗa ba, Inna ba ta faɗa. Cewa ta yi, "Yayana bai taɓa roƙon kowa komai ba. Kai ma da ya ɗauke ka, ba roƙonsa na yi ba." Na ce, "Inna, in jirgin ya faɗi fa?" Ta ce Allah ya kiyaye. Can kuma ta ce, "In bai faɗi ba fa?" Na ajiye furar. Gaba kura, baya sayaki, kuma duka biyun nawa ne. Ban kwana ba na koma.

A kan hanyar komawa, gaskiya, na kusa karaya. Na ce a raina, dattijon nan ba ya ƙarya, hankalinsa kuma garau yake, me zai hana? Da na isa, har na ɗauko biro a kwantena zan sa hannu. Sai matuƙin ya leƙo ya ce in zo mu ci gyaɗa, yana dariya, bai san abin da ke hannuna ba. Na mayar da biron aljihu. Na je na samu manaja na ce ko ya tura baturan yau, ko in kira masu kamfani da kaina in faɗa musu wanda ya ba da umarnin fenti. Nan take mota ta samu.

Amma tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Motar ta lalace a hanya. Da ta isa, mai na'urar ya tafi jana'iza garinsu. Da ya dawo, gwajin kansa ba a gaggauta shi. Ni kuwa ina nan tsakanin kwantena da gonar Kawu, kullum in je in ja igiya, kullum in ga kawunan shinkafa sun ƙara yin fari, sun miƙe tsaye saboda babu nauyi a cikinsu. Mutanen ƙauye suka daina tambayata yaushe. Gaisuwa kawai, su wuce. Wannan ya fi tambayar ciwo.

Daga ƙarshe mai kyau ya dawo da sabuwar lamba da sabon kati. Na ɗaura shi, na sa hannu, jirgi ya tashi da magariba ya dawo lafiya. Ya yi aiki kuwa. Waɗanda suka yi shuka a makare sun tsira da tasu, har wasu suka kawo mana kaji. Ko yau aka sake maimaita abin, ba zan sa hannu a kan batir ɗin da ban san ko wanne ba ne. Na faɗa wa kaina haka sau ba adadi, kuma gaskiya ce, sai dai ba ta taɓa sanyaya mini zuciya ba.

Da safe na tafi Wurogauri. Tun daga nesa na hango shanu a bakin gonar Kawu, na ɗaga ƙafa ina shirin yi wa makiyayin ihu. Da na matso sai na ga Kawu ne da kansa yake janye ƙayar shinge. Shi ya aika aka kira maƙwabcinsa na ruga, ya ce ya kawo shanunsa su ci, tunda babu ƙwayar da za a yanka. Mutumin da na taɓa gani ya bi ɗan maraƙi da sanda har bakin gulbi saboda ganye biyu. Makiyayin ma kunya ta kama shi, ya tsaya baya yana murza sandarsa.

Na gaishe shi, ya amsa. Na tsaya a bakin shingen.

"An gwada?" ya ce, bai dube ni ba.

"An gwada, Kawu."

"Wanne ne mai kyau?"

Na so in ce ban sani ba. Na so in ce na bango ne, don babu wanda zai ƙaryata ni a ƙauyen nan. Amma mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba.

"Na ƙofa ne."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya jawo reshen ƙaya na ƙarshe ya jefar gefe, ya karkaɗe hannuwansa. Sannan ya dube ni, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, da ma a ce akwai.

"Matsa gefe," ya ce. "Ka tare wa shanu hanya."

Na matsa, suka shiga.