Dattijo da 'Yar Karya Mai Ɗingishi

A ƙofar asibitin dabbobi a unguwar Kudai, can ƙasa mai tsarki, nake ganinsa, dattijo mai furfura, da alama direban wani gida ne. Yana rungume da 'yar karya cikin tawul, kada yawunta ya taɓa jallabiyarsa, waya a kunne.

"Hajiya, likita ya ce gocewar gwiwar nan gado ne. In ta haihu, haka 'ya'yan za su yi ta ɗingishi." Ya saurara. "Tayyib, to, gobe zan kai ta wajen namijin karen a yi barbara."

Ina jin takardar izinin zamansa a ƙasar a hannun Hajiyar take.

Ana kiran la'asar. Ya sauke karyar, ƙafarta ta baya ta rataye tana rawa. Ya dubi masallaci, ya dube ta. Ya sake ɗaukarta, yana amsa ladan a hankali daga bakin titi.