Kalmar da Ta Raba Mu da Gidanmu

Ban yi nisa a lekol, makarantar boko, ba, amma akwai kalmar Ingilishi guda da ba za ta fita kaina ba, wato floodplain.

Da rani maigidana ya sayi filin da muka gina gidanmu, can gangaren Garwa wajen kogin Binuwai. Ƙasa ce baƙa mai laushi, har na shuka yakuwa da kuɓewa a bayan ɗaki. Shi mahauci ne, dabba ya iya dubawa, ba ƙasa ba. A damina ta uku ruwa ya shigo, katanga ta zauna, tukwanena suka bi kogi.

Da ruwa ya janye, wani ma'aikaci ɗan kudu mai jin Ingilishi ya zo duba ɓarna. Ya tsaya cikin taɓon tsakar gidana yana ta maimaita kalmar nan. Na ce wa babbar 'yata, "Ke, me yake cewa ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce a gefen kogi, wadda ruwa ke malalewa a kanta duk sanda ya cika. Ya ce ba za a bar mu mu sake gini a nan ba."

Na ce, "To ai fadama ke nan. Sai yanzu da gida ya rushe za a gaya mana?"

Yanzu haya muke a unguwar Jambutu, ɗaki biyu. Abin da ke ci mini rai, yarinyar ta karanta wannan a aji tun kafin mu aza tubalin farko, har ta ci jarrabawa a kai. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta taɓa zaton abin da ke cikin littafi filin babanta ne ba.