Ranar da Hafizu Ya Sallama Gwarzo

Hafizu na Dudunni manomi ne ɗan manomi, kuma yana cikin na farko a Kusada da suka buɗe shago a cikin waya. Shagon ba ƙofa ba rufi. Hoton wake da gero yake ɗorawa, mai so ya yi magana, a loda masa buhu a tashar Kankiya. Bai taɓa cutar kowa ba. Aibinsa ɗaya ne, son a yaba.

Shi ya sa wata bazara ya ɗora hoton Gwarzo, bijimin huɗarsa da ya raina tun yana maraƙi, har da farashi, don dai mutanen birni su san ba da ƙaramin mutum suke ciniki ba. A ganinsa ciniki sai a kasuwa: ga dillali, a tafa, a miƙa igiya. Abin da aka faɗa a waya kuwa hira ce.

Wani Ɗanmaliki daga Katsina ya aiko da saƙon murya: "Na saya." Hafizu na kishingiɗe a gindin darbejiya, ya danna ya ce, "Na sallama, Allah shi sa albarka." Ya yi dariya ya ci gaba da gyangyaɗinsa. Kafin la'asar kuɗi sun shigo, washegari mota ta tsaya a ƙofar gidansa.

Hafizu ya ce atafau. Magana ta kai gaban alƙali a Kankiya, aka kunna saƙon kowa ya ji.

"Muryar wa ce?" in ji alƙali.

"Tawa ce, ranka shi daɗe. Amma wasa nike, ko tafawa ba mu yi ba."

"Kai ka sa farashi, ya ce ya saya, ka ce ka sallama, ya biya. Me ya rage?"

Hafizu ya ce, "Igiya."

"To, je ka miƙa masa."

Ya miƙa, zuciyarsa na ƙuna. Da ana tura Gwarzo cikin mota, ya matso kusa da Ɗanmaliki.

"Malam, ba shi son bulala. In za ku juya a ƙarshen kunya, kira sunanai kawai, zai juya."

Ɗanmaliki ya dube shi ya ce, "Ai ni mahauci ne."

Hafizu ya bi motar da ƙafa har bakin titi.